Hatsin Yusufu da Hatsin Sitonmu: Martani ga Baba Dattijo

Wani dattijon ikilisiya da ya tsufa cikin harkar hatsi ya yi rubutu kwanan baya yana kukan abin da wani matashin fasto ya yi musu. Faston ya tsaya ne ran Lahadi ya yi wa'azi a kan masu kwashe masara da kaka su kulle a sito sai marka ta kankama, da masu ba manomi buhu ɗaya cikin Agusta su karɓi biyu a Disamba. A ganin Baba, yaron ya wuce gona da iri. Majami'a wurin ceton rai ce, in ji shi, kasuwa kuwa tana da dokokinta waɗanda ba a koyar da su a makarantar tauhidi. Ya kafa hujja da Yusufu wanda ya tara hatsi a Masar har shekara bakwai, da misalin bayin nan uku da aka ba su talanti. Ya kuma tuna mana, cikin ladabi amma yadda kowa zai ji, cewa da zakkar 'yan kasuwa ake biyan albashin fasto, da ita aka yi wa majami'a rufin kwano. Ya rufe da cewa in ana neman wanda ya jawo tsadar abinci a nufi Abuja, a bar ɗan kasuwa ya ci guminsa.

Ban isa in koya wa Baba kasuwa ba, kuma akwai gaskiya a bakinsa da ya kamata a amsa tun da wuri. Ajiye hatsi ba zunubi ba ne. Sau ɗaya masara take nuna a shekara, baki kuwa kullum yake neman tuwo, dole wani ya riƙe ta daga Nuwamba zuwa Yuli. Mai riƙewar nan yana biyan kuɗin buhu da ɗinki da 'yan dako da hayar sito, yana fama da ɓera da ƙwari da laima, jarinsa kuma yana kwance wata da watanni. In ya ci riba a kan wannan wahala, haƙƙinsa ne. Yakan ma faɗi warwas: bayan gwamnati ta sanar a Yulin 2024 cewa ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, farashi ya yi ta sauka cikin 2025, mutane da yawa da suka yi ajiya suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ba kuwa wanda ya tara musu baiko. Batun Abuja ma haka yake. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota, faɗuwar naira ta ɗaga kuɗin taki, har a tsakiyar 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Gonakin da aka gudu aka bari a Mangu da Birnin Gwari da Zamfara ba ɗan kasuwa ne ya kori masu su ba.

Inda muka rabu da Baba shi ne cewar da ya yi Littafi Mai Tsarki yana tsayawa a ƙofar kasuwa ya jira mu fito. Tun da kuwa shi ya ɗauko Yusufu, bari mu karanta Yusufu har ƙarshe.

A Farawa sura 41, Yusufu bai yi ajiyarsa a ɓoye ba. A gaban Fir'auna da fadawansa ya faɗi abin da ke tafe, ya faɗi nawa za a karɓa, kashi ɗaya cikin biyar, ya kuma faɗi dalili. An tara ne a shekarun da hatsi ya yi yawa har aka daina awo, aka zuba a biranen da ke kusa da gonakin. Da yunwa ta zo jama'a suka yi kuka, sai ya buɗe rumbuna. Kukan jama'a shi ne ya gaya masa lokacin buɗewa ya yi. To, a kunnen mai ajiyar da fasto yake magana a kansa, kukan nan cewa yake a ƙara haƙuri mako biyu, farashi bai gama tashi ba. Kowa a cikinmu ya san amsar da ake ba mai nema a irin wannan lokaci: wallahi kaya sun ƙare, alhali makullin siton yana cikin aljihun mai maganar. Karin Magana 11:26 ba ta yi kwana-kwana ba, ta ɗora la'anar jama'a a kan mai hana hatsi, ta ɗora albarka a kan wanda ya fito da shi. A lura, ba ta nemi ya raba kyauta ba. Ya sayar kawai ta nema.

Akwai kuma sura 47, wadda ba a cika koya wa yara a makarantar Lahadi ba. Yunwa ta yi tsawo, kuɗin Masarawa kaf ya koma gidan Fir'auna. Suka kawo dawakai da tumaki da shanu da jakuna, aka ba su abincin shekara. Da shekara ta zagayo ba abin da ya rage musu sai gonaki da jikunansu, suka miƙa duka biyu. Ƙasar Masar ta zama ta Fir'auna, in ban da gonakin firistoci, manoma suka koma masu noma gonar sarki suna biyan kashi ɗaya cikin biyar. Gaskiya ne sun gode wa Yusufu da ya ceci ransu. Mai yunwa ba ya tsayawa ciniki. Amma a juya shafi kaɗan zuwa farkon Fitowa a ga abin da gidan sarautar da ya mallaki hatsi da ƙasa da mutane ya yi da zuriyar Yakubu daga baya: su aka sa aikin dole suka gina wa Fir'auna Fitom da Ramases, biranen ajiya. Ban ce Yusufu mugu ne ba. Cewa nake labarinsa yana nuna irin ƙarfin da ke hannun mai riƙe da abinci lokacin yunwa, kuma ƙarfin nan abin tsoro ne ko da a hannun mutumin kirki yake.

Da Allah ya fito da mutanen nan daga Masar ya ba su shari'a, sai ga shi yana bin ƙofofin da aka bi aka mallake Masarawa yana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ba a sayar da gona har abada. A shekara ta hamsin takan koma gidan da ta fito. Bashi yana da wa'adi, duk shekara ta bakwai a yafe. In ɗan'uwa ya talauce ba a ba shi kuɗi da ruwa, ba a kuma ba shi abinci don a ci riba a kansa. Wannan yana nan a Littafin Firistoci 25:35-37, an ambaci abinci ƙarara. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta sauko har tsakar gida. Kada a karɓi dutsen niƙa jingina, domin da shi iyali suke ci. Mai bin bashi ya tsaya a waje, kada ya kutsa ɗaki ya ɗauki abin da ya ga dama. Ɗan ƙwadago a biya shi kafin rana ta faɗi. Damin da aka manta a gona kada a koma ɗauka, na baƙi da marayu da gwauraye ne. Littafin da ya damu da dutsen niƙa da damin da aka manta, yaya za a ce bai san kasuwa ba?

Annabin da ya fi kowa saninta shi ne Amos, makiyayi daga Tekowa, a ƙarni na takwas kafin haihuwar Almasihu, zamanin Yerobowam na biyu, lokacin da Isra'ila take cikin wadata, wuraren sujada kuma a cike. Mutanen da ya fuskanta a sura 8 ba marasa addini ba ne. Masu kiyaye Asabar ne, ba sa buɗe rumfa ranar hutu. Suna dai zaune ne suna ƙosawa ranar ta wuce su koma su rage mudu, su ƙara nauyin dutsen da ake auna kuɗi da shi, su karkatar da ma'auni, su haɗa har da sharar alkama su sayar. Abin da Baba yake roƙo, wato a raba ranar sujada da ranar kasuwa kowacce ta ci gashin kanta, shi ne daidai abin da mutanen Amos suka riga suka yi, a kansa ne kuma Allah ya rantse ba zai manta ba.

Ba sai an je Samariya ta zamanin Amos ba. A tsaya a bakin hanyar kasuwar ƙauye da kaka, tun kafin hantsi. Mace ta taho da ƙullin dawa a ka, tana so ta sayar ta sayi gishiri da manja da maganin zazzaɓin yaro. Tun ba ta kai cikin kasuwa ta ji yadda ake sayarwa ba an tare ta. Mudun da za a auna nata an bubbuga shi ta ciki har ya buɗe. A nitsa shi cikin hatsi, a tula har ya yi tsororo, sa'an nan mai awo ya kewaye bakinsa da hannu, abin da ya tsaya a hannun ma ya bi cikin buhu. In ta yi magana a ce mata haka ake awo a nan. Cikin Yuli matar nan za ta dawo saye, domin rumbunta ya ƙare. Yanzu wani mudun ne ya fito, wanda aka tura gindinsa ciki, hannun da ya yi tallafi da kaka kuma ya koma share baki. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ta gani, ta kuma san mai awon, a sahu ɗaya take tsayawa da matarsa a Zumuntar Mata. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana ajiye mudu biyu a gida, babba da ƙarami, ta kuma sa mai yin haka cikin abin da Ubangiji yake ƙyama, sahun da muka saba ajiye wa matsafa da mazinata su kaɗai.

Sharar alkamar Amos ma tana da jikoki a wurinmu, sun ma fi ta muni. Tsakuwa a shinkafa haƙori kawai take karyawa. Wake fa? Wake ba ya jure ajiya, ƙwari suna huda shi nan da nan, don haka wanda ya ƙudura riƙe shi har farashi ya tashi yakan yayyafa masa maganin ƙwari irin su Sniper, wanda ba a yi shi don zubawa a abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan gubar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Su suna da ɗakin gwaji a bakin iyakarsu. Uwargida a Kafanchan ko Biliri sai dai ta sunsuna, ta shanya a rana, ta dafa ta ce Allah ya kiyaye. Ga kuma buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda yake toshe iska ƙwari su mutu ba tare da ɗigon magani ba, yana nan a kasuwa shekara da shekaru. Ya fi buhun da aka saba tsada, shi ke nan laifinsa. Kirista da ya tsaya tsakanin buhun nan da kwalbar maganin ƙwarin nan yana lissafi, dokar da ta hana kisankai ce take gabansa, ko da bai taɓa kallon abin haka ba. In fasto bai gaya masa ba, wa zai gaya masa?

Sai bashin buhu ɗaya a biya biyu, wanda Baba ya kira taimako tun da ba a ɗauro kowa aka kawo shi ba. Ya ce kuɗin buhun Agusta yakan kai na buhu biyu a Disamba, saboda haka ba a ci kowa ba. Wata shekarar haka ne. To, in da gaske ƙimar kaya ake son karewa, a rubuta farashin ranar da aka ba da bashin, manomi ya biya wannan kuɗin da kaka, ko ya auno hatsin da ya kai shi a farashin ranar biya. Ban ga masu ba da bashin suna marmarin wannan ba, domin a shekarar da farashi bai faɗi ba biyun nan suna nan daram. In kuma ambaliya ko tsutsa ta cinye gona, biyu ta zama huɗu a baɗi, daga huɗu sai a fara maganar gonar nan ta bakin rafi. Ko ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan mai ba da bashi ba ya asara. Kasadar duka tana wuyan wanda 'ya'yansa suka kwana ba su ci ba.

Nehemiya sura 5 sai ka ce a garinmu aka rubuta ta. Ana tsakiyar aikin Allah, ana gina garun Urushalima, sai kuka ya tashi daga talakawa da matansu. Wasu sun jinginar da gonaki da gidaje don su sami hatsi, wasu sun ci bashi don biyan harajin sarki, wasu har 'ya'yansu mata sun shiga bauta. Masu bin bashin kuwa 'yan'uwansu Yahudawa ne. Nehemiya bai ce a bari a gama gini tukuna ba, bai kuma ce a kai kuka Farisa ba, ko da yake harajin na sarkin Farisa ne. Ya kira babban taro, ya faɗa wa manya a fuskarsu, ya amsa cewa shi da 'yan'uwansa da barorinsa ma suna ba da rancen kuɗi da hatsi, ya ce a mayar da gonakin a ranar tare da ruwan da aka karɓa, ya kira firistoci aka rantsar da masu bashin. Sarkin Farisa yana can a fadarsa bai san ana yi ba, amma gonaki sun koma hannun masu su.

Maganar zakka da rufin kwano ita ce ta fi ba ni tsoro a rubutun Baba. Allah ya saka wa duk wanda ya bayar. Amma in aka tuna wa mai wa'azi inda albashinsa yake fitowa a daidai ranar da ya taɓa aljihun mai biya, kowa ya san abin da ake nufi. Amaziya, firist na Betel, irin wannan ya gaya wa Amos: ya koma Yahuza ya nemi abincinsa a can, nan wurin sujadar sarki ne. Malakai 3:10 kuwa, ayar da ake karanta mana duk ƙarshen wata, tana da maƙwabciya a aya ta 5 wadda ba ta samun irin wannan gata. A can Ubangiji yake cewa zai zo da kansa ya ba da shaida a kan masu danne haƙƙin ɗan ƙwadago da gwauruwa da maraya. Ita kanta aya ta 10, dalilin da ta bayar na kawo ushiri shi ne a sami abinci a gidan Allah, Maimaitawar Shari'a 14:28-29 kuma ta ce ushirin shekara ta uku a tara shi cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Zakkar da aka yanko daga mudun gwauruwa aka kai majami'a ta bi hanyar nan a juye. Yesu ya gamu da masu fitar da ushirin har na ganyen miya a Matiyu 23:23. Bai ce su daina ba, ya ce sun bar abin da ya fi nauyi, wato adalci da jinƙai da aminci.

Misalin talanti ba zai ɗauke mu lokaci ba. Bawan da aka hukunta a ciki shi ne wanda ya haƙa rami ya binne abin da aka damƙa masa, kuma da misalin ya ƙare, maganar da ta biyo baya a cikin Matiyu 25 ɗin ita ce shari'ar ƙarshe, inda abu na farko da aka ambata shi ne ciyar da mai yunwa. Misalin da ya yi maganar ajiyar hatsi kai tsaye yana Luka 12, na mai arzikin da ya rushe rumbunansa ya gina manya. Shi Baba bai ambata ba.

Mai yiwuwa ne faston bai san kasuwa ba. Yahaya Maibaftisma ma ba ma'aikacin haraji ba ne ba kuma soja ba, amma da masu karɓar haraji da sojoji suka tambaye shi abin da tuba take nema daga gare su, bai tura su addu'ar dare ba. Ya ce wa na farkon kada su karɓi fiye da ƙa'ida, na biyun kada su yi ƙwace, albashinsu ya ishe su. Mai karɓar harajin Yariko da ya hau itace don ya ga Yesu, sai da ya miƙe ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan. Ba mayarwar ce ta saya masa ceto ba, ita ce ta nuna wa gari ceton ya iso. Ikilisiya ma ba yau ta fara shiga wannan magana ba. A yunwar da ta auka wa Kafadokiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wajen shekara ta 369, Basil na Kaisariya ya yi ta yi wa masu kulle hatsi wa'azi har suka buɗe rumbuna, shi kuma ya sayar da dukiyar da ya gada ya ɗora tukwane yana ciyar da jama'a. A nan gida, tun ƙarshen shekarun 1950 shirin Faith and Farm da Peter Batchelor na mishan ɗin SUM ya soma a Filato ya haɗa bishara da koyar da noma da kiwo, domin iyayenmu ba su ga katanga tsakanin gona da majami'a ba.

Akwai wani dalilin da ya sa maganar nan ta zama ta ikilisiya tilas. A Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta garƙame wasu manyan rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar suka musanta. Daga waje, siton mai ajiya da siton mai ɓoyewa kamarsu ɗaya, buhuna ne a jere. Ɗan sanda ba shi da yadda zai bambance su. Mai siton ne kaɗai ya san ko ribar da ta biya wahalarsa ta riga ta samu tun Mayu, ta kukan Agusta yake jira. Inda ake yanke wannan shawara doka ba ta kaiwa, wa'azi ne yake kaiwa. Shawarar kuwa takan ci rai. A yunwar 2005 a Nijar yara sun yi ta mutuwa a yankunan Maraɗi da Damagaram alhali akwai gero a kasuwa. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin iyayensu. Maƙwabtanmu Musulmi suna da sura a Alƙur'ani da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu, malamansu kuma suna wa'azi a kan ɓoye abinci. A rumfa ɗaya muke zama da su. Yawancinsu ba za su taɓa shiga majami'a su ji abin da muke cewa a kan Almasihu ba, mudunmu suke gani.

Abu ɗaya zan ƙara wa faston, ba don in rage masa ba: ya yi irin ta Nehemiya, ya haɗa da gida. Kowace shekara ana godiyar kaka, buhuna suna taruwa a gaban bagadi, masara da dawa da acca da waken soya, har da tiyar gwauruwa a ƙullin zane. A ikilisiyoyin da na sani, kwamiti yakan yi gwanjonsu nan take mai hali cikin 'yan'uwa ya kwashe a farashin kaka, ko kuma a kulle su a ofis sai sun yi tsada a sayar a zuba a asusun gini. Cikin Agusta mai tiyar nan ta tafi cin bashin buhu ɗaya a biya biyu, wataƙila ma hatsin da ta kawo ne ake auna mata. A Nijar an daɗe ana bankin hatsi na ƙauye: a saya da kaka, a sayar wa 'yan gari da sauƙi sa'ad da rumbu ya ƙare, a sake cikawa. Wasu sun ɗore, wasu sun rushe saboda bashin da ba a biya ba da ma'ajin da hannunsa bai tsaya ba. Ikilisiya tana da abin da yawancinsu suka rasa. Hatsi yana shigo mata kyauta duk shekara, tana kuma da matan Zumunta, waɗanda suka san gidan da bai hura wuta jiya ba tun kafin labari ya kai kunnen fasto.

Abin da take ƙarancinsa shi ne wanda ya san hatsi, wanda zai sa haƙori ya gane masarar da ba ta gama bushewa ba, ya san yadda ake jera buhu a kan katako nesa da bango, ya san makon da ya kamata a buɗe. Ranka ya daɗe, ga roƙona. A taron dattawa na gaba Baba ya kawo shawarar a ware wani kaso na hatsin godiya kada a sayar. A sa wa ɗakin makulli biyu, ɗaya a hannun shugabar Zumuntar Mata, ɗaya a hannun Baba. Mudu guda a ajiye a ofishin ikilisiya, da shi za a auna shiga, da shi za a auna fita, a riƙa karanta lissafin a gaban jama'a yadda ake karanta na baiko. Wanda ya ci buhu cikin Agusta ya mayar da buhu da kaka, ba ƙari. Wanda ba shi da halin mayarwa, matan sun san shi, a yafe masa.